Abin da korona ta tona mana



Malamaina, iyayenmu da ke zaune a gaba, ƴan uwana samari da ƴan mata, kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini magana kan annobar korona da abin da ta yi ma rayuwar jama'a, da neman abinci, da karatu, da fasahar zamani. Na san akwai wanda ya riga ya ce a ransa, wannan ai tsohon zance ne. Akwai ma wanda har gobe bai yarda an yi cutar ba. To, ku ba ni aron kunne, don maganata ba a kan ƙwayar cutar take ba sosai. A kanmu take.

Bari mu fara daidaita kwanakin, saboda wasunku a lokacin kuna kolej, ba lalle ku riƙe ba. A watan Disamba na 2019 aka fara jin labarin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annobar da ta game duniya. Ran 17 ga Maris shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi jawabi ya sanar da rufe iyakoki da filayen jirgin sama da makarantu. Ran 19 ga wata aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Kafin watan ya ƙare an kafa dokar hana fitar dare a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an kuma killace birnin, ba shiga ba fita. Cikin kwana goma sha kaɗan rayuwa ta juye.

Ga abin da ke rikita mutane. A duniya, mamatan da aka rubuta a hukumance sun kai wajen miliyan 7, kuma ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai mutuwar da ta ƙaru sanadin annobar ta kusa miliyan 15. A Nijar kuwa, waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su cika 10,000 ba, mamata ɗari uku da ƴan kai. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana fiye da haka nesa ba kusa ba, kowace damina, ba tare da an rufe ko rumfa ɗaya ba. Shi ya sa mutumin ƙauye da ya ce bai ga korona ba, ba ƙarya yake ba. Amma ku da kuka yi karatu, ya kamata ku iya karanta lissafin nan da kyau. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, cutar kuma tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Mafi yawan zamanmu a fili ne, tsakar gida da gindin bishiya, inda iska ke wucewa. Sannan gwajin kansa kaɗan aka yi, da farko ma kusan duka a cibiyar CERMES ta Yamai. Tsohon da ya rasu da tari da sarƙewar numfashi a wani ƙauye na Mayahi ko Tanut, wa ya gwada shi? An yi masa sutura an ce kwana ya ƙare. Kuma cutar ta taɓa har manya: ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da ita a farkon watan Mayu na 2020.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, abin da ya fi dukan talakan Nijar a shekarar nan rufewa ce, ba tari ba. A nan nake so mu daɗe.

Dokar "zauna gida" an ƙera ta ne a ƙasashen da albashi ke shiga banki ƙarshen wata, firji na cike, ruwa na zuwa har ɗaki. Mu kuwa mafi yawanmu hannu baka hannu ƙwarya ne. Ɗan kabu-kabu in bai fita yau ba, tukunya ba ta hawa murhu yau. Mai shayi, mai tsire, mai tuwo-tuwo a bakin tasha, cinikinsu na dare ne, dokar hana fita kuma dare ta kama. Da aka killace Yamai, motocin fasinja suka tsaya, sai ka lissafa direba da yaron mota da ɗan kamasho da mai turin baro da yarinyar da ke tallar ƙwai a Dogon Dutsi ko Ƙwanni inda mota ke yada zango. Duk mota ɗaya ke ciyar da su. Gwamnati ta ɗauke ma masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na wuta na watan Afrilu da Mayu, kuma abu ne mai kyau, sai dai wanda zai amfana sai mai kwantar a gidansa. A ƙasar da ko mutum ɗaya cikin biyar bai samu lantarki ba, kun ga inda tallafin ya tsaya.

Mu mutanen kudu kuma, dukan biyu ne ya same mu. Tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a kan maganar shinkafa da man fetur. Ƴan kasuwar Maraɗi ba su gama farfaɗowa daga wannan ba, sai korona ta zo ta ƙara kwaɗo a kan ƙofar da ke rufe. Sai a watan Disamba na 2020 Najeriya ta buɗe huɗu daga cikin iyakokin, har da ta Illela da ke fuskantar Ƙwanni da ta Maigatari, amma ta Jibiya, wadda ita ce ƙofar Maraɗi ta wajen Ɗan Isa, ba ta cikinsu. Namu iyakokin na ƙasa kuwa sai tsakiyar 2021 aka buɗe su ga matafiya. A takarda an ce kaya na iya wucewa, mutane ne ba su wucewa. To amma wane kaya ne ke tafiya shi kaɗai? Albasar Galmi ana cire ta ne daidai watannin Maris da Afrilu, masu sayenta kuma daga Gana da Kodibuwa suke zuwa, ko su aiko wakili. Albasa ba ta jiran a gama taron ministoci. In ta kwana biyu a zafin nan sai ta fara ruwa. Haka mai dabbobin da ya saba kai raguna kudu, haka mai wake. Kuma shekarar ce farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a duniya, tattalin arzikin Najeriya ya ja baya, naira ta yi sanyi, wanda duk ɗan kasuwar da ke sayarwa da naira ya dawo gida ya canza zuwa sefa ya san abin da hakan ke nufi.

Ga ƴan ci-rani. Gida nawa ne a Tawa, ko Kance, ko Magarya, da ke cin abincin bazara da kuɗin da ɗa ya aiko daga Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya? Can ma an rufe, aikin gini ya tsaya, ba abin aikowa. Dawowa gida noma kuma sai ta ɓarauniyar hanya, da tsada da wahala. Ba a gama wannan ba, damina ta zo da ambaliya, kogin Kwara ya cika irin yadda ba a taɓa aunawa ba a Yamai cikin watan Satumba, ruwa ya ci unguwannin hayin gada irin su Lamorde. Shekara ɗaya fa.

Yanzu mu zo inda ya fi zafi, wato masallaci. Ba zan kauce masa ba don a taron ƙungiyar matasa musulmi muke.

An hana sallar jam'i da ta Juma'a daga ƙarshen Maris, kuma ba a sake buɗe wuraren ibada ba sai 13 ga Mayu, lokacin azumi ya riga ya yi nisa. A tsakani an yi tarzoma a Mirya, an yi a unguwannin Yamai gab da azumi, an ƙona tayoyi, an kama mutane fiye da ɗari. Mafi yawan waɗanda suka fita kan titi tsararrakinmu ne. Tambayar da ke bakin kowa ita ce: don me za a rufe masallaci a bar kasuwa a buɗe? Tambaya ce mai ma'ana, kuma tana da amsa. Salla tana da mafita, ana iya yin ta a gida, shari'a ma ta san uzurin ruwan sama da tsoro da rashin lafiya. Abinci kuwa ba shi da mafita, in an rufe kasuwa mako biyu yunwa za ta kashe waɗanda cuta ba ta kashe ba. Amma wa ya zauna ya yi ma jama'a wannan bayani da Hausa ko Zabarmanci, a bakin wanda suka yarda da shi, kafin a turo jami'an tsaro ƙofar masallaci? Akwai manyan malamai da suka goyi bayan matakin, amma limamin unguwa, wanda shi ne mutane ke gani sau biyar a rana, sau da yawa a rediyo ya ji labari kamar kowa.

Abin takaicin shi ne hujjar tana cikin tarihinmu, ba sai an aro ta daga Faransa ba. A shekara ta 18 bayan hijira annoba ta ɓarke a Amwas, ƙasar Sham. Sayyidina Umar yana kan hanyar zuwa can, ya kai wani wuri da ake kira Sargh, labari ya iske shi. Ya yi shawara da sahabbai, ra'ayi ya rabu, har Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ke ciki, ya kuma hana na ciki fita. Umar ya juya da jama'arsa Madina. Annobar nan ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrah, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan As, sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, su bar cunkoso. Wannan fa killacewa ce da ba da tazara, ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. A zamaninmu kuma Saudiyya ta dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu 2020, aikin Hajjin da ya tara mutum wajen miliyan biyu da rabi a 2019 aka yi shi da ƴan tsirarun mazauna ƙasar a 2020, a 2021 aka ƙayyade shi ga mutum 60,000. Maniyyatanmu shekara biyu suna jira.

Ni a ganina kowane ɓangare yana da nasa. Hukuma ta yi gaggawar ba da umarni da faransanci, ta yi jinkirin neman yarda. Mu kuma matasa masu karatun addini da na boko, waɗanda ya kamata mu tsaya tsakani mu fassara ma kowa maganar ɗan uwansa, da yawa shiru aka yi, don tsoron kada a ce an saye mu. Annoba ba ta ƙirƙiro rashin yarda tsakanin talaka da hukuma ba. Ta same shi nan, ta ɗaga masa zane kawai. Mutumin da ya kai matarsa haihuwa likita bai samu ko safar hannu ba sai da ya saya, ranar da aka ce masa gwamnati ta damu da lafiyarsa har ta rufe masa masallaci, dole ya yi tambaya.

Sai karatu. UNESCO ta ce a watan Afrilu na 2020 ɗalibai wajen biliyan ɗaya da miliyan ɗari shida ne ke zaune gida a duniya. A nan an rufe lakkwal daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yuni, wajen mako goma, aka ɗage jarrabawar BEPC da ta bak zuwa Agusta. In aka gwada da wasu ƙasashe, kamar Yuganda da ta kusa shekara biyu a rufe, namu gajere ne. Sai dai mako goman ya faɗo kan shekarar karatun da dama ba ta cika cika ba. Kun san ajin zana sai an gama girbi ake samun karan yinsa, ruwan farko kuma ya tashe shi. Ga yajin aiki. Da aka koma ran 1 ga Yuni, damina ta kawo kai, yaron ƙauye gona ke kiransa.

A Turai da Amurka aka ce a koma karatu daga nesa, ta Zoom da makamantansa. Don Allah ku lissafa abin da wannan ke buƙata: kwamfuta ko babbar waya, wutar da za a yi caji, intanet mai ƙarfi, kuɗin sayen megabit, ɗakin da ba hayaniya, da uwa ko uba da ya iya karatu zai duba. Ɗalibi nawa ne a Gidan Rumji ke da uku daga cikin shidan nan? Ko a jami'o'inmu, Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da na Damagaram da Tawa, abin da ya fi aiki shi ne malami ya turo darasi a rukunin WhatsApp, mai waya ya sauke, sauran su bi shi su kwafa ko su kai a buga musu a takarda. Ɗan mai hali ya ci gaba da karatu da malamin gida. Ɗan talaka ya tafi tallar ruwa. Da aka dawo, aka zaunar da su aji ɗaya aka yi musu jarrabawa ɗaya, aka ce adalci ne.

Ƴan uwana mata, ku kun fi ni sanin wannan: yarinyar da ta zauna gida mako goma tana shekara goma sha huɗu, ba kullum take komawa aji ba. Wani lokaci kafin a buɗe makaranta an riga an karɓi kuɗin gaisuwa.

Akwai kuma ɗaliban da ba a cika sa su cikin lissafi ba, almajirai. Da jihohin arewacin Najeriya, Kano a gaba, suka fara kwashe almajirai suna mai da su garuruwansu a watan Afrilu na 2020, yaranmu da yawa aka turo ta iyakar Maraɗi da Damagaram. Yara ƙanana, wasu ba su san sunan ƙauyensu daidai ba. Ranar aka gane ba wanda ke riƙe da rajistar yaran nan, ba a can ba, ba a nan ba. Wannan aibin ba na korona ba ne, namu ne, kuma ƙungiya irin tamu ba ta da bakin cewa bai shafe ta ba.

Game da fasaha, abu guda zan tsaya a kai: saƙon murya. Mu nan ba rubutu ke yawo ba, murya ce, domin wanda bai iya karatu ba ma yana iya danna ya saurara. Da ita aka yi tafsirin azumin 2020 a gidaje da yawa, da ita ɗan ci-rani ya yi ta'aziyyar da bai samu zuwa ba, da ita ƴan kasuwa suka yi ciniki suka tura kuɗi ta kamfanonin aika kuɗi ba tare da sun taka ƙafa ba. Kuma da ita aka yi ta yaɗa cewa cutar ba ta kama baƙar fata, zafin rana na kashe ta, eriyar 5G ce ke kawo ta, alhali a lokacin ko 5G ɗin babu a ƙasar nan. Murya ce ba suna, ba gari, ba kwanan wata, sai dai ta fara da sallama da salati, ta ƙare da "don girman Allah ka tura ma wasu". Sai mutum ya tura yana ganin lada yake samu. Sanarwar ma'aikatar lafiya tana fitowa da faransanci a takarda, kafin a fassara ta ƙarya ta riga ta kai Difa ta dawo.

Abin da ya ɗan tare ɓarnar tsohuwar fasaha ce, rediyo. Gidajen rediyon karkara da shirye-shirye irin na Studio Kalangou, da ke magana da harsunan ƙasa, sun kai inda intanet bai kai ba, da batir biyu. Telolinmu kuma suka ɗinka takunkumin fuska da atamfa, maƙera suka ƙera abin wanke hannu da ake takawa da ƙafa. Wannan ma fasaha ce, ko da ba ta da suna da turanci.

Allurar rigakafi ta iso a watan Maris na 2021, ta farko Sinopharm daga Sin, daga baya wasu ta shirin COVAX, lokacin da ƙasashe masu kuɗi sun riga sun kame mafi yawan abin da aka sarrafa. Ta zo a makare, ta kuma iske zukata sun riga sun cika da jita-jita. Abin da ya fi damuna shi ne shakkun bai tsaya kan allurar korona ba. Ya shafi ta ƙyanda, ya shafi ta shan inna, waɗanda iyayenmu mata suka daɗe suna kai yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ran 5 ga Mayu 2023, amma uwar da aka tsorata da allura ba wanda ya zo ya ɗage mata tsoron.

Kuma kada ku ɗauka sai an shekara ɗari za a sake. A 2015 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 500 a ƙasar nan, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. A 2018 kwalara ta shiga yankin Madarunfa, a 2021 ta dawo ta bazu jihohi da dama. Mu annoba baƙuwar da ta san hanyar gida ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiya su duba wasu abubuwa tun yanzu da hankali ke kwance.

Kowane reshe yana da ɗaliban likitanci ko na aikin jinya, yana kuma da masu karatun fiƙihu. Yawanci ba sa zama tare sai a walima. A haɗa su, mutum huɗu ko biyar, su san limaman unguwarsu da shugaban likitar unguwar, su riƙa gaisawa tun ba a shiga matsala ba. In sanarwa ta fito, su ne za su mai da ita Hausa mai kyau cikin awa ɗaya, su ɗauki murya da sunansu da sunan reshensu da kwanan wata, don mai saurare ya san wanda zai je ya tambaya in yana da shakka. A rukunoninmu na WhatsApp kuma a kafa ƙa'ida: saƙon da ya shafi lafiya, in ba a san mai maganar ba, ba a tura shi, ko da ya fara da ayoyi goma.

Na biyun ya fi wuya, don yana cin lokaci. Kowane reshe ya san makarantun allo da ke unguwarsa. A je wurin malaman da ladabi, a taimaka musu su rubuta sunan kowane yaro, da sunan mahaifinsa, da ƙauyensu, da lambar wani nasa. Littafi ɗaya na dala ɗari ya isa. Haka kuma ɗaliban jami'a da ke cikinmu, kowa ya ɗauki yara biyar na unguwa da ke shirin BEPC, mata a ciki, ya san gidajensu, yadda ko an rufe lakkwal gobe, saboda cuta ko ambaliya ko yajin aiki, akwai wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ina Hadiza, ga darasin wannan mako. Sakataren reshenmu yana da takarda a bakin ƙofa, mai so ya rubuta sunansa da unguwarsa kafin ya fita.